Yadda na magance matsalar safar hannu wajen kamun kifi a kan ƙanƙara

A Tafkin Mille Lacs na jihar Minnesota ta Amurka, inda ake huda ƙanƙara a zura fatsa a watan Janairu, matsalata ita ce safar hannu: mai kauri tana hana ni ƙulla zare da sa koto a ƙugiya, maras kauri kuma da zarar ta jiƙe sai yatsu su sandare, domin ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska.

Na fara gwada ta robar niyofirin mai kaurin milimita 3. Ruwa ba ya shiga, amma gumi yana taruwa a ciki, kuma gumin nan shi ne ke sanyaya hannu idan an daɗe a zaune.

Abin da ya yi mini aiki shi ne raba aikin gida biyu. A jikin fata ina sa siririyar safar naitiril irin ta ma'aikatan asibiti, wadda ba ta matse ni ba, saboda matsi yana rage gudun jini zuwa yatsu. A kanta nake ɗora ta ulu mai yankakkun yatsu, tunda ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Da su nake cire ƙugiya daga bakin kifi. Lokacin jira kuma sai in cusa hannuwana cikin babbar safa marar rabon yatsu da na rataya a wuya da igiya.

Kafin in sayi kowace safa, ina gwada ƙulla zare da ita a cikin shagon.