Yadda Matashi Zai Samu Lasisin Tuƙi na Gaskiya a Abuja

Lokacin da ɗan yayata ya gama sakandare, saura masa wata bakwai ya cika shekara 18. Wata ranar Asabar ya same ni a gida a Kubwa ina wanke mota, ya karɓi soson daga hannuna, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Kawu, akwai wani mutum da yake yi wa abokaina lasisi. Hoto kawai ake tura masa da kuɗi, kwana uku ya kawo. Ko shekara ba ta kai ba yana gyarawa."

Na ce masa ya bar wannan maganar, ya yi haƙurin wata bakwai, ni da kaina zan kai shi. Haka kuwa aka yi. Hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa a nan, domin na lura iyaye da yawa ba ƙin bin ƙa'ida suke yi ba, ba su san inda ake farawa ba ne, shi ya sa 'yan cuwa-cuwa suke samun su a ɓagas.

Maganar shekaru tukuna

A Najeriya ba a bai wa kowa lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18. Babu wani sassauci ga ɗan 16 ko ɗan 17, ko da mahaifinsa ya sa hannu, ko da ya fi direban gidansu iya ribas. Yaranmu suna ganin 'yan makaranta suna tuƙi a finafinan ƙetare, kuma gaskiya ne a jihohin Amurka da yawa ɗan shekara 16 yana samun lasisi, a Ingila kuma ɗan 17. To wannan dokarsu ce. Tamu 18 ta ce, kuma tuƙin wanda bai kai ba laifi ne mai zaman kansa a jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, take kamawa a kai. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki a Abuja, ita ma duk wanda bai kai 18 ba yaro ta ɗauke shi.

Shekara 18 ɗin ma ba kowace ƙofa take buɗewa ba. Lasisi aji-aji ne. Ajin A na babur ne. Ajin B na ƙaramar motar gida ce wadda nauyinta bai kai tan 3 ba, kuma shi ne wanda matashi zai nema. Lasisin motar haya da manyan motoci sai mutum ya kai shekara 26, ya kuma kawo takardar shaidar lafiya daga asibiti. Saboda haka uban da ya sayi mota yana lissafin ɗansa mai shekara 19 zai riƙa jigilar fasinja daga Nyanya zuwa Area 1, ya sake lissafi. Akwai kuma ajin J da aka keɓe wa masu buƙata ta musamman, kada wani ya zaci larurar ƙafa ko hannu ta rufe masa hanya.

Mataki na farko: a gyara takardu tun kafin ranar ta zo

Wannan shi ne aikin da ɗan shekara 17 zai iya yi yana jira, kuma shi ne ya fi cinye lokacin mutane idan aka bar shi sai ƙarshe. Ba a yin lasisi yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma bayanan da suke kan NIN ɗin su ne za su hau kan lasisin. A ɗauko takardar NIN, a ɗauko takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a ajiye su gefe da gefe a duba: suna, jerin sunayen, ranar haihuwa. Mu Hausawa nan ne muke yawan tuntuɓe. A wata takarda Muhammad, a wata Mohammed. A wata sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan kaka ko sunan gari. Idan akwai saɓani, a je ofishin NIMC, hukumar da take ba da NIN, a gyara tun da wuri, domin gyaran yana ɗaukar lokaci.

Gyaran kuskure daban, ƙarin shekara daban. Wanda ya je ya ƙara wa ɗansa shekara biyu a NIN don ya samu lasisi da wuri, ya ɗaure masa dutse a ƙafa. Wannan lambar ita ce a jarrabawar JAMB, ita ce a fasfo, ita ce a banki da layin waya. Ranar da yaron zai nemi aikin da aka ƙayyade wa shekaru, ko ya nemi bizar karatu, ranar ce ƙaryar za ta dawo ta same shi, alhali ba shi ya yanke shawarar ba.

A cikin wannan jiran kuma a kai shi a duba idonsa, a san rukunin jininsa, domin ana rubuta shi a jikin lasisi. Yara da yawa ba sa gani da nisa, ba su kuma sani ba, tun da a aji gaba suke zama. A saya masa littafin ƙa'idojin hanya na FRSC ya riƙa karantawa. Ni idan muka fita da nawa yaron, nakan nuna masa alama a bakin titi in ce ya faɗa mini ma'anarta, ko in tambaye shi wa yake da hannu a shataletalen Berger, mu da muke shirin shiga ko wanda ya riga ya shiga.

Mataki na biyu: makarantar koyon tuƙi mai rajista

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ginshiƙin abin. Yawancinmu a hannun wani yaya ko direban gida muka koyi mota, a filin ƙwallo ko filin idi. Wannan koyon yana da amfaninsa, amma ba ya kai mutum ga lasisi yanzu. Sabon mai nema dole ya fito daga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta tantance a ƙarƙashin shirinta na daidaita makarantun tuƙi, wanda ake kira DSSP. Makarantar za ta shigar da sunan ɗalibi a rumbun hukumar ta intanet, ya yi darasi 26, sannan takardar shaidar kammalawa ta fito da lamba a jikinta. Da wannan lambar ake buɗe fom ɗin neman lasisi. Babu ita, babu fom.

Ba duk motar da ka gani da allo a samanta da jan harafin L ba ce ta makaranta mai rajista. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi a nuna maka takardar tantancewarsu, ka kuma duba sunansu a jerin makarantun da hukumar ta wallafa a shafinta. Ka leƙa motar da za a koyar da yaron: shin akwai birki na biyu a gefen malami? Akwai ɗakin karatu da allon alamomin hanya, ko shago ne kawai da tebur?

Wata makarantar za ta ce maka, "Alhaji, ai tun da ya iya mota ba sai ya riƙa zuwa ba, mu dai za mu shigar da sunansa, idan kwanakin sun cika ya zo ya karɓi takarda." Kada ka yarda. Ka biya kuɗin darasi, a yi masa darasin. Juya sitiyari da sauya giya ba su ne tuƙi ba. Tuƙi shi ne sanin tazarar da za ka bari tsakaninka da motar gaba, da duba madubi kafin sauya layi, da sanin cewa gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titin da ake kira eksfires. Titunan Abuja suna da faɗi da sumul, suna ruɗin ƙafar yaro. Wanda ya saba bin titin Kubwa ko hanyar filin jirgin sama ta Lugbe ya san irin abin da ido yake gani a can da sassafe.

Idan da hali, ya koya da mota mai kuloci. Wanda ya iya ta, mai sauya giya da kanta ba za ta gagare shi ba.

Mataki na uku: takardar lana

Kafin ɗalibi ya hau titin jama'a, yana buƙatar takardar izinin koyon tuƙi, wadda aka fi sani da takardar lana. A Abuja ana samunta ta hannun hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta birnin tarayya, DRTS, wato waɗanda kowa yake kira VIO, masu babban ofishi a Mabushi. Makarantu da yawa su suke karɓo wa ɗalibansu. Sharuɗɗanta ba su da yawa: a liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma kada lana ya tuƙa shi kaɗai, sai da mai cikakken lasisi zaune a gefensa. Takardar lana ba lasisi ba ce. Ba a aiken mai ita kasuwar Wuse ya sayo cefane.

Mataki na huɗu: gwajin VIO

Idan darussa sun kammala, makarantar ce take gabatar da ɗalibi ga jami'an VIO. Za a gwada saninsa na alamomi da ƙa'idoji, a duba ganinsa, a kuma sa shi ya tuƙa. Idan ya ci, su sa hannu cewa ya cancanta. Idan bai ci ba, ya koma ya ƙara koyo ya dawo. Babu abin kunya a ciki, kuma ina roƙon iyaye kada su nemi a ɗaga wa yaro ƙafa a wannan gaɓar. Jami'in da ya mayar maka da ɗanka ya ce bai nuna ba, taimakonka ya yi.

Mataki na biyar: fom, biya, da ɗaukar hoto

Ana cike fom a shafin lasisin tuƙi na FRSC, a sa lambar takardar makaranta da lambar NIN, a zaɓi ajin B, a zaɓi cibiyar da za a je. Lasisin iri biyu ne, na shekara 3 da na shekara 5. Farashin da hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta amince da shi daga watan Yunin 2025 shi ne naira 15,000 na shekara 3, da naira 21,000 na shekara 5, ga lasisin mota. Kuɗin makaranta da na takardar lana da na gwaji daban suke. A biya ta shafin ko ta banki, a riƙe rasit. Kuɗin lasisi ba ya shiga asusun wani mutum.

Daga nan sai a ɗauki fom da rasit da takardar makaranta da shaidar cin gwaji a tafi cibiyar lasisi. Hukumomi uku ne suke da hannu a lasisin Najeriya: masu karɓar haraji, da VIO, da FRSC. Biyun farko za su duba takardu su sa hannu, sannan jami'in FRSC ya ɗauki hoton mai nema, da zanen yatsunsa, da sa hannunsa a kwamfuta.

Wannan zama a gaban na'ura shi ne ma'aunin da za ka bambance lasisin gaske da na bogi. Sabon lasisin da aka kawo wa mutum gida ba tare da ya je an ɗauki zanen yatsunsa ba, roba ce kawai mai hoto. Jami'an hanya suna iya duba lambarsa a rumbunsu nan take, kuma idan ba ta fito ba, laifi ya zama biyu: tuƙi babu lasisi, wanda tararsa naira 10,000 ce a jadawalin FRSC, da kuma riƙe takardar jabu, wanda maganarsa tana iya kaiwa kotu. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne ranar da tsautsayi ya afku. Kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya idan wanda yake tuƙin ba shi da ingantaccen lasisi, sai ɗawainiyar asibiti da gyara da diyya duk su faɗo kan mai motar, wato uban da ya miƙa makulli.

A je cibiyar da wuri. Wani lokaci intanet ɗinsu yana tsayawa, mutum ya wuni bai samu shiga ba. Mu sai a zuwa na biyu aka ɗauke shi. Kafin jami'i ya danna amincewa, yaron ya karanta abin da yake kan allon kwamfutar da kyau, harafi bayan harafi.

Mataki na shida: na wucin gadi, sannan na dindindin

A ranar da aka ɗauki hoto ake ba da lasisin wucin gadi, mai aiki na kwana 60. Da shi mutum yana da izinin tuƙi. Katin dindindin yakan fito daga baya, a je a karɓa a inda aka yi rajista. Yakan yi jinkiri ya wuce kwana 60 ɗin. Idan haka ta faru, a koma cibiyar a nemi su sabunta na wucin gadin, kada a ci gaba da yawo da wanda wa'adinsa ya ƙare.

Ranar da ɗan yayata ya karɓi katinsa, ya kawo mini ya ce, "Kawu, yanzu dai sai mota." Na ba shi makulli, amma da sharaɗi na wata shida, kuma na gaya wa mahaifiyarsa a gabansa don kada a samu baki biyu. Ba ya tuƙi bayan sallar isha'i. Ba ya ɗaukar abokai fiye da ɗaya, domin yaro shi kaɗai a mota daban yake da yaron da abokai huɗu suke zuga shi. Waya tana aljihu har sai ya yi fakin. Ba ya shiga ayarin ɗaurin aure ko kai amarya, inda samari suke wasa da mota. Na kuma sa ya haddace lamba 122, layin gaggawa na FRSC, na nuna masa inda takardun mota da na inshora suke a cikin aljihun gaban mota, da yadda ake kafa alamar nan mai kusurwa uku idan mota ta mutu a hanya. Watan farko daga Kubwa zuwa Dutse Alhaji kawai yake zuwa. Sai a wata na uku na zauna a gefensa muka hau babban titi har Gwarinpa, da rana tsaka, lokacin da cunkoson ma'aikata ya lafa.