Yadda za ka sake wa kayan fanel lamba in canel ɗaya ya maimaitu sau huɗu

Bara gab da a fara noman rani wani Alhaji mai gonar shinkafa can wajen fadamar Argungu ya sa na yi mashi fanel, wato allon nan na lantarki da ake liƙa wa kaya da dalma, mai kunna famfo huɗu, kowane famfo da canel ɗinshi, wato nashi rukunin kayan. Abu ne mai sauƙi, kowane canel akwai PC817 guda (ɗan abin da ke wuce da sigina ta hanyar haske), tiransista BC547, diyod 1N4007, rile na bolt 12 wanda shi ka jawo kwantakta, wato babban makunnin famfo, ɗan fitila da resista uku. Na zana canel ɗin farko a KiCad, manhajar zana fanel, na shimfiɗa shi tsaf, sai lalaci ta ce mani ai kwafa kawai za ka yi. Na danna Ctrl+D sau uku a kan fanel ɗin, sai ga R1 huɗu R2 huɗu Q1 huɗu (R lambar resista ce, Q ta tiransista), na zauna da dare ina canja masu lamba ɗaya bayan ɗaya da hannu ina hamma. A canel na uku na musanya R8 da R9 ban sani ba. Fanel ya dawo daga Caina, yaron shagona ya bi takardar kaya ya liƙa komi daidai yadda anka rubuta, resista 10k ta zauna gurbin 330, PC817 ɗin da ya kamata ya sha wajen miliyam 11 ya koma bai samun ko rabin miliyam, rile ya ƙi ɗagawa. Muka yi yini guda ina yi wa yaro faɗa yana cewa "wallahi oga abin da ke rubuce na sa", kuma gaskiya tai.

To wanga rubutu don kada ka yi irin tawa. Da KiCad zan yi bayani don shi na kyauta kuma shi mafi yawanmu ke da shi, masu manhajar Altium akwai naku can ƙasa.

Abin da ya kamata ka fara ganewa, lambar nan R3 ko C7 da kake gani da farin rubutu a kan fanel ba ita KiCad ke bi ba wajen haɗa abin da ke cikin zane, wato taswirar kaya da wayoyi, da gurbinshi na kan fanel. Kowane abu da ka aje a zane yana da wata doguwar lambar ɓoye da manhajar ta ba shi, haɗe da ta shafin da yake ciki, ita ce igiyar. R3 suna ne kawai na kira, don kai da mai liƙi da mai gyara. Shi ya sa in ka kwafi gurbi a kan fanel ka canja mashi suna da hannu, suna dai ya canja amma igiyar na nan ɗaure da na farkon, ranar da ka danna F8, maɓallin da ke kai abin da ke zane kan fanel, za ka sha mamaki. Don haka lamba a cikin zane ake bada ta, fanel karɓa kawai yake yi.

Farko ka cire canel ɗin daga babban shafi ka mai da shi ƙaramin shafi mai fayil ɗinshi, ka ce mashi canel.kicad_sch ko mi kake so. Wayoyin da za su fita waje, shigowar sigina da fitar rile, ka sa masu lakabin shafi irin wanda ke fitowa a jikin akwatin. Sai ka koma babban shafi ka aje akwati huɗu dukansu suna nuni ga wancan fayil guda, sunan akwatin kawai ka bambanta, FAMFO1 FAMFO2 har huɗu. Daɗin abin shi ne zane ɗaya ne, ka canja resista a ɗaya ta canja a huɗun, amma kowane akwati KiCad na riƙe mashi lambobinshi daban. Hattara da lakabi mai gama duk zane, in ka sa irinshi cikin canel to ka haɗe wayar canel huɗun wuri ɗaya, wannan sai ga abin da dama na kowa ne kamar bolt 12 da GND, wato wayar ƙasa.

Yanzu lamba. Ka buɗe wurin da anka rubuta Annotate Schematic, akwai zaɓi uku na yadda za a ƙirga: ya fara daga lambar da ka ba shi, ko lambar shafi sau 100, ko lambar shafi sau 1000. Sau 100 ɗin shi muke so, sai dai akwai wani ɗan abin haushi da ba kowa ka lura da shi ba sai ya gani. Babban shafi shi ne shafi na 1, don haka shi ka cinye 101 102 103, canel ɗin farko ya tashi da 201, na huɗu ya tashi da 501. Fanel zai yi aiki lafiya lau, amma ka yi tunanin kana Birnin Kebbi kana waya da mai gyara yana tsaye bakin rijiya cikin rana kana ce mashi famfo na uku ka duba ɗari huɗu da biyar, wallahi sai ya ruɗe, ni kaina sai na ƙirga da yatsa.

Ga yadda nike yi. Ba na ba shi duk zanen lokaci guda. Ina shiga FAMFO1, in zaɓi wanga shafi kaɗai, in zaɓi a goge tsoffin lambobi, in ce ya fara bayan 100. In fita in shiga FAMFO2 in ce bayan 200, haka har 400. Babban shafi kuma da ke da kayan wuta da ƙwaƙwalwar fanel ɗin in bar shi ya fara daga 1. Minti biyu ne aikin. Sakamako, R101 R102 R103 na famfon farko, R301 R302 R303 na famfo na uku, adadin farko na gaya maka canel, biyun ƙarshe na gaya maka wane abu ne a cikin canel. Abu guda ka kiyaye, akwai zaɓin ya bi jeri daga hagu zuwa dama ko daga sama zuwa ƙasa, wanda ka ɗauka a canel ɗin farko shi za ka bari har ka gama, tunda zanen guda ne kayan na wuri guda to dole R102 ta zama 'yar uwar R302. In ka canja jeri a tsakiya ka ɓata dukan dabarar kuma babu wani jan rubutu da zai fito ya gaya maka. In resista ta wuce 99 a canel guda sai ka koma dubu, R1001 R2001, amma ni ban taɓa yin canel mai girman haka ba.

Wani wurin da ake tuntuɓe, ayisi (IC) mai ɗaki da yawa, wato guda ɗaya mai sassa iri ɗaya a cikinshi, kowane da nashi ƙafafu. Misali LM324 ɗaki huɗu gare shi, sai mutum ya ce to canel huɗu gare ni bari kowane ya ɗauki ɗaki guda. Ana iya yi amma ba cikin shafin da ake maimaitawa ba in kana son zaman lafiya, don shimfiɗar ba za ta zama iri ɗaya ba, ƙafafun kowane ɗaki daban suke. Ko dai ka kai ayisin babban shafi ka ja mashi wayoyi, ko ka ba kowane canel nashi, LM358 mai ɗaki biyu ba tsada gare shi ba.

Sai F8, wato kai canjin kan fanel. Nan ne inda mutane ka ƙona aikin sati. A tagar da ke buɗewa akwai wani ɗan akwati mai farawa da Re-link footprints, ma'anarshi ka manta da igiyar ɓoye ka haɗa su ta sunan da ke rubuce. In lamba ka canja, KADA ka taɓa shi. Ka bar shi babu alama, KiCad ya bi igiyar ɓoye, kowane gurbi na nan inda ka aje shi suna kawai zai canja. In ka sa mashi alama bayan ka sake lamba, tsohon R3 na kan fanel zai auri sabon R3 na zane wanda wataƙila wani abu ne can daban, ka ga farin zaren nan mai nuna wuraren da ba a haɗe ba ya watsu ko'ina kamar saƙar gizo, abin da kuma bai samu mai sunanshi ba ya dawo sabo a jibge gefe. Amfanin akwatin ɗaya ne, ranar da igiyar ta tsinke amma suna bai canja ba, kamar in ka kwashe kaya daga babban shafi ka kai ƙarami. To ga tsohon aiki irin nawa bi da bi za ka yi: ka kwashe canel ɗin farko zuwa ƙaramin shafi da lambobinshi na da, F8 da alama, ka adana. Sannan ka sake lamba, F8 babu alama. Kada ka haɗa biyun a tafiya ɗaya. Kwafe-kwafen nan uku da ka yi da hannu kuma ka goge su gaba ɗaya, kada ka ji tausayinsu, F8 zai kawo sababbi masu igiya ta gaskiya. Kuma kafin ka danna amincewa ka karanta jerin abin da ya ce zai yi, in ka ga yana ta cewa zai cire wancan zai ƙara wancan alhali suna kawai ka canja, rufe tagar.

Af, kafin duk wannan ka kwafi fulda ɗin aikin gaba ɗaya ka aje gefe. Wuta na iya ɗaukewa, batirin laftof ɗin yawancinmu kuma sai addu'a.

Maimaita shimfiɗa kuma ba sai ka wahala ba. Akwai ƙarin manhaja mai suna Replicate Layout, ana saukar da ita daga ma'ajiyar ƙari da ke cikin KiCad tun fitowa ta 6. Ka gama canel ɗin farko tas, ka ɗauki abu guda ka mai da shi turke, ni rile nike ɗauka don shi ne babba. Ka jera rilen huɗu, K101 K201 K301 K401, inda kake son su da tazara daidai, ka danna K101 ka kunna ta ka zaɓi sauran shafukan uku, sai ta jera sauran kaya kewaye da kowane turke har da hanyoyin jan ƙarfe. Ita ma shafi take bi tana gane ɗan uwan kowane abu, shi ya sa in ba ka yi ƙananan shafuka ba ba ta da abin kamawa. KiCad 9 da ya fito a Fabrairun 2025 ya zo da nashi kayan aikin a ciki ƙarƙashin Multi-Channel, yana zana wa kowane shafi fili sannan ya maimaita na farkon a sauran. Duka biyun suna yi, ni dai hannuna ya saba da na farkon.

Akwai kuma wani abu a ɓangaren fanel mai sake lamba bisa inda kaya suke zaune, Geographical Reannotate, ya bi fanel daga kusurwa yana ƙirgawa. Ga fanel marar maimaici yana da kyau ƙwarai. Ga namu kada ka kusance shi, zai share maka tsarin ɗari-ɗari ɗin nan.

Masu Altium, ku a jikin akwatin shafi kuke rubuta Repeat(CH,1,4) ya haifi canel huɗu, kowane da ɗakinshi a kan fanel, ku gama ɗaya ku yi Copy Room Formats zuwa sauran. Salon lamba kuma a saitin aikin ake zaɓa, $Component_$ChannelIndex zai ba ka R3_1 R3_2, $Component$ChannelAlpha zai ba ka R3A R3B. Ni na harafin bai kwanta mani ba, don U1A dama can yana nufin ɗakin farko na ayisi, sai mai gyara ya rasa canel ake nufi ko ɗaki. Mai ɗan layin ƙasa kuma yana da tsawo, ga shi da ƙurar hunturu ta kwanta a kan fanel layin ka fara ɓacewa R3_1 ya koma R31.

Kafin ka tura aiki, ka kunna DRC, mai binciken kurakuren fanel, ka sa alama a wurin gwada zane da fanel, shi zai kama maka lamba biyu iri ɗaya ko gurbin da ba shi da mai shi. Ka duba farin rubutu da idonka, R101 ya fi R1 faɗi, kusa da resista 0805 mai tsawon milimita 2 sau da yawa sai ka ga rubutu ya hau kan wurin dalma, kuma kada ka matse shi ƙasa da wajen milimita 1 don ba zai karantu ba. In wuri ya ƙure gyara shi a canel ɗin farko ka sake maimaitawa. Ni har babban rubutu nike ƙarawa FAMFO 1 FAMFO 2 kusa da inda ake ɗaure waya. Sannan Gerber, wato fayil ɗin da kamfani ke buga fanel da shi, da takardar kaya da fayil ɗin da ke nuna wa inji inda zai aje kowane abu, ukun nan ka fitar da su zama ɗaya bayan ka gama sake lamba, tsofaffin ka goge kada hannu ya kai kansu.

Da zarar fanel ya fita hannunka ya shiga gonar mutane to lamba ta daskare. In za ka yi zubi na biyu ka cire R103, bar gurbin lambar haka nan, ka zaɓi a riƙe tsoffin lambobi, in ka ƙara sabon abu ka duba da kanka don KiCad lambar farko da ya samu babu kowa yake ɗauka, yana iya cusa shi a 103 ɗin da ka bari, sai ka mai da shi 104 204 304 404 ka leƙa shafukan huɗu ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar.

Fanel ɗin Alhaji na biyu da wanga tsari na yi shi. Kwanaki mai gyaran can ya kira ni wai famfo na biyu ya ƙi tashi, na ce mashi Malam ɗauki mita ka auna ƙafafun Q201, sannan ka auna na Q101 da ke aiki ka gaya mani bambanci. Ya ɗan yi shiru ina jin ƙarar iska a wayar, can ya ce na biyun babu komi a ƙafar tsakiya. Na ce to bi baya ka duba R202. Dalma ce ta saki, ya ɗora mata ayan famfo ya tashi.