Kafin ka biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa, ga yadda ake auna ɗaki da abinci da nishaɗi

Tun da na dawo daga hutun nan na jirgin ruwa ban huta da tambaya ba, a ofis ne, a masallacin unguwarmu nan Gwarinpa ne, kowa sai ya ce Alhaji wane jirgi ya fi, nawa ka kashe. Wani abokina ma hotunan jirage uku ya turo min ta WhatsApp wai in zaɓar musu ɗaya shi da Hajiyarsa. Na ce masa ai a hoto duk jirgi aljannar duniya ne. Sau biyu na shiga, na farko farashin talla na bi kuma na ji a jikina, na biyu sai da na zauna da biro da takarda kafin in cire ko sisi. Abin da na rubuta a takardar nan shi zan ba ku.

Fara da gane cewa kuɗin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne, kuma sun lissafa shi ne a kan ku biyu za ku kwana ɗaki ɗaya. In kai kaɗai ne za su ƙara maka, wani lokaci har ya kusa ninkawa. Sannan akwai tukuicin ma'aikata da yawancin manyan kamfanoni ke ɗorawa a bil ɗinka kullum, wajen dala 16 zuwa 20 kowane mutum. A ce dala 18 ne, ku biyu, kwana 7, ka ga dala 252 ke nan tun ba ka sha ko lemo ɗaya ba, je ka Zone 4 ka tambayi 'yan canji nawa ke nan a naira. Ƙara kuɗin intanet, da na lemo da kofi, da na fita yawo a garuruwan da jirgin zai tsaya. Sai ka haɗa duk wannan kafin ka ce wannan jirgin ya fi wancan sauƙi. Kamfanoni irin su Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn farashinsu na farko zai sa ka ajiye wayar, amma su tukuici da abin sha da intanet na ciki, Regent har yawancin yawon garuruwa ta haɗa. Su kuma irin su MSC da Royal Caribbean ƙofar shiga da sauƙi, a ciki ne ake tatsar ka kaɗan-kaɗan. Ba wai ɗaya ta fi ɗaya gaskiya ba ne, salon kasuwarsu ne ya bambanta, kai dai ka san wanda ka shiga.

To ɗaki. Kashi huɗu ne a kusan kowane jirgi: na ciki wanda ba taga ko ɗaya, mai taga wadda ba ta buɗuwa, mai baranda, sai suwit mai falo. Na ciki shi ne mafi araha kuma gaskiya ba laifi in kai mai yawo ne da barci kawai ke kawo ka ɗaki, sai dai duhunsa irin na kabari ne, ba ka sanin gari ya waye, in ba ka sa ƙararrawar waya ba sallar asuba sai dai ka yi ta da hantsi. Ni a ganina in da iyali za ka je, musamman in Hajiya ba mai son cakuɗuwa da jama'a ba ce, ka daure ka ɗauki mai baranda. Nan za ta zauna ta sha iska ta kalli teku ba mai kallon ta, ba sai ta hau sama wajen wurin iyo inda Turawa ke kwance rabi tsirara ba. Wannan barandar ita ce kuɗin da ban taɓa da-na-sanin biya ba.

Amma irin ɗakin rabin magana ne, inda yake a jikin jirgin shi ne sauran rabin, kuma nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Kowane kamfani na da taswirar benayen jirginsa a intanet, buɗe ta ka nemo lambar ɗakin da za a ba ka. Duba me ke samansa, me ke ƙasansa. In wurin iyo ne ko wurin cin abinci a sama, tun da asuba za ka fara jin ana jan kujeru a kanka. In gidan rawa ne a ƙasa, sai wajen biyun dare za ka samu barci. Abin da kake so shi ne ɗakuna sama, ɗakuna ƙasa. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi tsakiyar jirgi kuma bene na ƙasa-ƙasa, don goshin jirgi da bayansa su suka fi lilo, kuma iya hawanka sama iya yadda za ka ji shi. Ɗakunan can gaba kuma duk safiyar da jirgi zai tsaya ƙarar inji ce za ta tashe ka.

A tafiyata ta farko wani ejan ya sayar min da mai taga a farashi mai daɗi, ina ta murna, da muka shiga na ɗaga labule sai ga kwalekwalen ceto mai launin ruwan lemo ya toshe tagar gaba ɗaya, kwana bakwai shi nake kallo. Ashe an rubuta a takardar cewa akwai abin da ya tare gani, ni ne ban karanta ba shi kuma bai faɗa ba. Araha ba ta ado. Haka nan akwai wani tsari da za a rage maka kuɗi amma kamfani ne zai zaɓar maka ɗakin daga baya, in ka dace ka samu mai kyau, in ba ka dace ba ka kwana jikin lif. Kuma a nemi girman ɗakin a rubuce da murabba'in mita, a tambaya ko da baranda aka auna ko ban da ita, don wasu na haɗawa ɗakin ya yi girma a takarda.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, a wasu jiragen ɗakinka shi ke yanke inda za ka ci abinci. A Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ke ratsa tekun Atlantika daga Southampton zuwa New York cikin kwana 7, masu ɗakunan gama-gari a ɗakin cin abinci mai suna Britannia suke ci, masu suwit kuma nasu daban, Princess Grill ko Queens Grill. MSC na da wani ɓangare da suke kira Yacht Club, kamar GRA ne a cikin jirgi, ƙofarsa da kati ake buɗewa, da wurin cin abincinsa da wurin iyonsa da hadimi. In kana son yara su more hayaniyar babban jirgi kai kuma ka samu inda za ka ɓuya, wannan tsarin ya fi ƙaramin jirgin alfarma dacewa da kai.

Abinci kuwa, kar yawan gidajen abincin da aka lissafa ya ruɗe ka. Jirgi zai ce yana da ashirin, ka tambaya nawa ne a cikin kuɗin tikiti. Galibi ɗebi-da-kanka na sama da babban ɗakin cin abinci da wajen fiza su ne kyauta, sauran na gasasshen nama da na Jafanawa da sauransu sai ka biya kuma sai ka kama wuri tun da wuri. Babban ɗakin ma yawanci zama biyu ne da dare, ɗaya wajen ƙarfe shida ɗaya wajen takwas da rabi, wasu jiragen kuma ka zo lokacin da ka ga dama. Ka duba lokacin magariba a inda za ku kafin ka zaɓa, a Turai da bazara rana na kaiwa tara na dare ba ta faɗi ba.

Babbar maganarmu dai ita ce halal. Kar ka bari sai ka shiga jirgi, a rubuce za ka nema tun ranar da ka biya, makonni kafin tafiya, kuma ka sa su amsa maka a rubuce. Daren farko ka nemi shugaban masu kawo abinci ka yi masa bayani, yawanci za su riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa. Naman alade kowa na iya kauce masa, matsalar ita ce giyar da suke zubawa a miya da romo da wasu kayan zaƙi ba tare da an rubuta ba, don haka tambaya ba ta yi yawa. Ni dai kifi da kayan lambu da shinkafa na riƙe, kuma da yake akwai Indiyawa da yawa a kicin ɗin jiragen nan, ɓangaren abincinsu a ɗebi-da-kanka shi ya fi kusa da harshenmu, akwai ɗan yaji. In ba ka son wannan ciwon kan kwata-kwata, akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca, abincinsa halal, da wurin sallah. Yajinka ka sa a leda mai kyau ka tafi da shi, amma kilishi da dambun nama ka bar su a gida, Turai da Amurka ba sa yarda a shigo da nama, a filin jirgin sama za a karɓe. Sannan in an tallata maka tsarin abin sha na kullum, ka lura babban na masu shan giya ne, akwai ƙarami na lemo da kofi, shi ma ka lissafa kofi nawa za ka iya sha a wuni kafin ka saya.

Nishaɗi shi ne ya fi sauƙin aunawa, girman jirgi kawai za ka duba. Icon of the Seas na Royal Caribbean da ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024 tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, a cikinsa akwai wurin wasan ruwa na yara da filin ƙanƙara da masu wasan nutso daga sama. Yara za su haukace da murna, kai kuma za ka bi layi kamar Kasuwar Wuse ana gobe sallah. Jiragen Viking na teku kuwa fasinja wajen 930 ne, ba gidan caca, kuma ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, nishaɗinsu lacca ce a kan tarihin garin da za a tsaya da kiɗa mai sanyi, ƙarfe goma kowa ya kwanta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da za ka tambaya shi ne wane wasa ne kyauta, wanne ne sai an kama kujera ta manhajar jirgi, kuma kwana nawa za a yi a tsakiyar teku ba tsayawa, don a ranakun nan ne za ka san ko jirgin na da abin yi ko babu. In akwai daren kwalliya kar ka wahalar da kanka da neman kwat, babbar riga da hula sun wadatar, ni har layi aka yi ana ɗaukar hoto da ni.

Duk wannan zaɓe-zaɓen kuma biza ce ke da magana ta ƙarshe ga mai fasfon Najeriya, shi ya sa nake cewa a fara duba garuruwan da jirgin zai tsaya kafin a kamu da son ɗakinsa. Mai tashi daga Barcelona ko Genoa biza ta Shengen ake nema kuma mai shiga da fita da yawa, in hanyar ta biya ta Turkiyya ko Tunisiya ka bincika tasu daban. Miami sai da bizar Amurka. MSC na tashi daga Durban a Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik, akwai kuma na yankin Dubai da Doha a lokacin sanyi. Kar ka biya kuɗin da ba a mayarwa biza ba ta fito ba, kuma katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfonka. Mai juna biyu da ta kai sati 24 yawancinsu ba sa ɗauka, jariri kuma sai ya kai wata 6.

Ka sauka garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, jirgin sama daga Abuja na iya makara amma na ruwa ba ya jiran kowa, haka ma in kun fita yawo, da agogon jirgi za ka yi aiki, ba na garin ba. Da kun bar gaɓa ka kashe datar layinka, in ba haka ba bil ɗin da zai zo maka sai ka riƙe kai. Dutsen guga da hita ba a shiga da su, ƙwacewa ake a bakin ƙofa, amma ƙaramar buta ta roba ka sa ta a jaka don bayinsu ba a yi shi da mu a rai ba. Alƙibla kuma juyawa take duk lokacin da jirgi ya juya, kamfas ɗin waya ma ƙarfen jirgi na rikita shi, ni talabijin ɗin ɗaki nake kunnawa, akwai tashar da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da ita nake gyara shimfiɗar darduma kafin in tayar da sallah.