Yadda za a gyara tsaron ƙofar shiga domin masu buƙata ta musamman

A Bauchi, da wuya mutum ya shiga banki ko babbar ma'aikata bai bi ta ƙofar tsaro ba, amma yawancin ƙofofin an shirya su ne kamar kowa yana tafiya da ƙafafunsa, yana gani, yana kuma ji. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara, kuma wa'adin ya cika.

A fara da ƙasa kafin a kai ga na'ura. Idan akwai matakala ko kwata a gaban ƙofa, a yi gangare mai sauƙi, ta yadda duk tsayin santimita 10 zai samu tsawon santimita 120, domin gangaren da ya fi haka tsini yana iya kifar da keken guragu. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90. Ƙofar banki mai ɗaukar mutum ɗaya ba ta karɓar keke, saboda haka a tanadi wata a gefenta, a bincika mai shiga da na'urar hannu, mace ta bincika mace. Ban ga dalilin da zai sa a sallami dattijo a rana a bakin titi ba, alhali sauran mutane suna zaune a ciki.

Maɓallin kira da wurin goga kati su kasance tsakanin santimita 90 zuwa 120 daga ƙasa, inda hannun mai zaune zai kai. Makaho yana buƙatar sauti da lambobi masu tudu da zai shafa, kurma kuma yana buƙatar fitila da za ta nuna masa cewa an buɗe. Na'urar dangwala yatsa ba ta karanta hannun wanda kuturta ko haɗari ya raba da yatsunsa, don haka a ba shi kati.

Sai maigadi, wanda a ganina ya fi duk na'urorin muhimmanci. A koya masa ya tambayi mutum kafin ya taɓa kekensa ko sandarsa, ya kuma yi magana da shi kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba. A kuma gwada makullin lantarki a tabbatar yana buɗewa daga ciki idan an ɗauke wuta ko gobara ta tashi.