Yadda Za Ka Ziyarci Huntsville, Birnin Roka na Jihar Alabama

Huntsville tana arewacin jihar Alabama a kudancin Amurka, kuma a can aka tsara rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969. Kwana biyu zuwa uku sun isa, muddin ka tsara su da kyau tun daga gida.

Fara da maganar isa. Filin jirgin saman garin yana da kalmar "ƙasa da ƙasa" a sunansa, amma jiragen fasinja na cikin gida ne ke sauka a can, sai ka sauya jirgi a Atlanta, Charlotte ko Dallas. Idan tikiti ya yi tsada, ka sauka Nashville ka bi babbar hanyar I-65 zuwa kudu, tafiyar kamar awa biyu ce. Ko ta ina ka shigo, ka ɗauki motar haya. Wuraren gani a warwatse suke, motocin bas kuma ba su da yawa. Kamfanonin haya sukan nemi katin kiredit da sunan direba, wasu su ƙi katin cirar kuɗi, don haka ka tambaya tun kafin ka taso. Ka kuma tuna cewa agogon Alabama yana bayan na Atlanta da awa ɗaya.

Babban abin da ke kawo mutane shi ne U.S. Space & Rocket Center, gidan tarihin rokoki da kumbuna, wanda aka buɗe a 1970 a gefen hanyar I-565. Ka ba shi yini guda cur, kada ka haɗa shi da wani wuri. Tun daga kan titi za ka hango rokar Saturn V a tsaye, amma waccan kwaikwayo ce. Ta ainihin tana kwance a cikin zauren Davidson, an ɗaga ta sama an raba ta gida-gida, tsawonta kusan mita 111. Da ita aka yi gwajin girgiza a shekarun 1960. Ka fara daga gindinta, inda bakunan injuna biyar na F-1 suke, kowanne ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, sannan ka bi ƙarƙashinta a hankali har zuwa kai. A zauren ne kuma aka ajiye ɗakin kumbon Apollo 16, da alamun ƙunar da ya sha lokacin dawowa duniya, da wani dutse da 'yan sama-jannatin Apollo 12 suka ɗauko daga wata.

Idan ka ga dattijo sanye da farar riga a zauren, ka tsaya ka gaishe shi. Da yawansu injiniyoyi ne da suka yi ritaya, sun yi aiki a shirin Apollo na zuwa wata da hannunsu. Hirar minti goma da ɗayansu ta fi karanta allunan bango duka amfani. Ka zo da safe, domin rokokin da ke harabar waje ba su da inuwa, ɗaliban makarantu da na Space Camp, sansanin koya wa yara harkar sararin samaniya, wanda aka fara a 1982, kuma sukan cika wurin kafin azahar.

Ga kuskuren da baƙi suka fi yi. Cibiyar Marshall ta hukumar NASA, wadda aka kafa a 1960 ƙarƙashin jagorancin injiniyan roka ɗan asalin Jamus, Wernher von Braun, tana cikin barikin soja na Redstone Arsenal. Ba a shiga haka kawai, kuma rangadin bas da aka riƙa shiryawa a baya, 'yan ƙasar Amurka kaɗai aka riƙa ɗauka. Taswirar waya kan bi da mutum ta ƙofar barikin wai don a gajarta hanya. Ka duba hanyar kafin ka tada mota, kada kuma ka ɗauki hoton ƙofar. Shi von Braun, wanda ya iso garin a 1950, ya kamata ka san tarihinsa gaba ɗaya: rokar V-2 da ya tsara wa Jamus ta Nazi, fursunoni aka tilasta wa ƙera ta, dubbai suka mutu a aikin.

Kwana na biyu, ka hau tsaunin Monte Sano da safe, ka zaga Big Spring Park a tsakiyar gari da yamma. Wajen abinci, gasasshen naman kudu galibi na alade ne, har ganye da wake akan dafa su da shi, saboda haka ka tambaya kafin ka yi oda. Gasasshiyar kaza da farin romon yankin, wanda ake haɗawa da mayonis da binigar, ita ce abin nema. Farashin da ke rubuce bai haɗa da haraji ba, kuma ana barin tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Oktoba ta fi daɗin yawo. Daga Maris zuwa Mayu lokacin mahaukaciyar guguwa ne, irin wadda ta ratsa arewacin Alabama ranar 27 ga Afrilu, 2011. Da zarar ka sauka otel, ka tambayi inda mafaka take, ka bar saƙon gargaɗi a kunne a wayarka. In jiniya ta kaɗa, ka sauka hawa na ƙasa, ka shiga ɗaki ko baranda ta ciki marar taga, kada ka fita neman mota.