A riƙa faɗin wanda ya kaɗa, ba sunan kiɗan kawai ba

Jama'a, ga wata 'yar shawara ga masu gaya mana abin da suke saurare kwanan nan. In za ka ce kana jin kiɗan Goldberg Variations na Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, don Allah ka haɗa da sunan makaɗin da shekarar da aka naɗa. In ba haka ba, sai mu nemo wani daban, mu yi ta musu alhali ba abu ɗaya muka ji ba.

Dubi Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada. Ya naɗi wannan kiɗa a situdiyo a 1955, ya sake a 1981. Na farkon bai cika minti 40 ba, gudu yake kamar ana korarsa, kuma bai maimaita sassan da Bach ya ce a maimaita ba. Na biyun ya haura minti 50. Farkonsa a natse yake, har kana jin saukar kowane yatsa a kan fiyano, ga kuma muryar Gould can ƙasa-ƙasa yana rerawa. Wasu wannan rerawar ke ɓata musu rai. Ni kam ita ke sa in ƙara sauti.

Sannan a tuna, lokacin da aka wallafa kiɗan a 1741, don hafsikod (wani tsohon abin kiɗa mai kama da fiyano) aka rubuta shi, ba fiyano ba. In da hafsikod naka yake, ka faɗa.

Mai son gwadawa ya sa abin kunne, ya ji minti uku na farkon kowanne daga naɗin Gould biyun, ɗaya bayan ɗaya.