Yadda Malami Zai Tafiyar da Aji Mai Cunkoso

Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da dama a arewacin ƙasar malami kan tarar da ninkin wannan adadi, wasu ma a zaune a ƙasa.

Malamin irin wannan aji ya shirya darasinsa tun a gida, ya taƙaita shi ga manufa guda, kuma ya rubuta aikin farko a allo kafin yara su zauna, domin hannun da ke rubutu ba ya tsokana.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda yake tambaya. Ya guji cewa "Kun gane?", domin amsar kullum "E, Malam" ce, ko da rabin ajin bai fahimci komai ba. Maimakon haka, ya jefa tambaya ga kowa, ya ɗan dakata su yi tunani, sannan ya kira suna, musamman daga na baya da 'yan mata masu kunya waɗanda ba sa ɗaga hannu. Idan kowane yaro ya rubuta amsarsa a takarda ya ɗaga sama, malami zai ga masu rauni nan take.

Ya raba su rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas, ya haɗa haziƙai da masu rauni, yana zagayawa tsakaninsu. Duba littattafai kuwa, ya ɗauki na rukuni biyu ko uku kowace rana, har ya zagaye ajin cikin mako.